Yadda ake tantance kayan roba na jarirai kafin a saro su ko a ba yaro

Duk wanda ya buɗe shagon kayan jarirai a Gusau, ko yake kai kaya kasuwannin Talata Mafara, Ƙauran Namoda da Shinkafi, ya san cewa mafi yawan abin da ke kan kantarsa roba ne: fida da kan fida, kofuna, cokula, baho, fo, kacau-kacau, 'yar tsana da ledar shimfiɗa. Wasu daga cikinsu suna ɗauke da sinadaran da ƙasashe da dama suka haramta sanyawa a kayan yara, kuma ido ba ya ganin su. Dokoki suna nan, hukumomi ma suna nan, amma katan ɗin da ya sauka a Legas ya bi ta Kano ko Anacha kafin ya iso nan ya ratsa hannaye da yawa, kuma sau da yawa mai shago ne mutum na ƙarshe da zai iya duba shi kafin ya shiga bakin jariri. Na daɗe ina yin wannan tantancewa a kan duk kayan da na saro, kuma na rubuta ta ne domin sabon ɗan kasuwa, da uwar da ke haɗa kayan haihuwa, da mai kula da makarantar renon yara. A riƙe abu guda tun daga farko: gwajin gida yana fitar da mugun kaya ne kawai, ba ya ba wanda ya tsallake shaidar cewa babu komai a cikinsa.

Kayan aikin da ake bukata

- Samfuri guda daga kowane nau'in kaya, wanda aka haƙura da shi, domin za a yanke shi kuma ba zai sake sayuwa ba.
- Tocila ko hasken waya, da gilashin ƙara girman rubutu. Idan babu gilashin, kyamarar waya ta wadatar, sai a ɗauki hoto a buɗa shi.
- Sabuwar reza ko almakashi mai kaifi.
- Kofin gilashi, ruwa mai tsabta, ɗigon sabulun ruwa da tsinke.
- Farin ƙyalle ko auduga, da sifirit irin na shagon magani.
- Wayar jan ƙarfe mai ɗan kauri, tsawon taƙi guda, irin ta cikin wayar lantarkin gida, da filaya.
- Murhun gas ko risho mai ba da shuɗiyar wuta.
- Gorar lemo da aka shanye tare da murfinta, da guntun bawon wayar lantarki. Da waɗannan ake gwada gwajin kansa.
- Littafi da biro, da rasit na duk abin da aka saro.

Mataki na 1: A rarraba kayan gwargwadon kusancinsu da baki da zafi

Sinadaran da ake tsoro ba a ɗaure suke da roba tam ba, fita suke yi a hankali, kuma abubuwa uku ke hanzarta fitarsu: zafi, maiƙo, da tauna. Saboda haka a zube kayan a tabarma a kasa su uku. Kashi na farko shi ne abin da ke haɗuwa da abinci mai zafi ko yake daɗewa a baki, wato fida, kan fida, robar tsotso, robar cizo ta lokacin fitar haƙori, kofi, kwano da cokali. Na biyu shi ne kayan wasa na yaron da bai kai shekara 3 ba, wanda duk abin da ya riƙa sai ya kai baki. Na uku shi ne abin da ke taɓa fata kawai, irin su baho, fo da kwandon kaya. Kashin farko ba a yi masa sassauci ko kaɗan, na biyu a tsananta, na uku kuwa dubawa sama-sama ta isa. Kuskuren da sababbi ke yi shi ne su ƙare ƙarfinsu a kan baho saboda shi ne babba mai tsada, su bar ƙaramar robar cizo da yaro zai wuni yana tauna.

Mataki na 2: A karanta kwali, a nemi takarda

A duba ko akwai sunan kamfani da cikakken adireshinsa, ƙasar da aka ƙera kayan, lambar rukunin da aka buga, da shekarun yaron da aka yi abin dominsa. Kayan da ya zo a farar leda babu suna babu adireshi, ba shi da wanda za a kama idan ya cutar, don haka ba a karɓarsa a kashin farko ko da kuwa ya fi kowanne kyau.

A Najeriya hukumar SON ce ke kula da ingancin kaya. Kayan da aka shigo da su daga waje, har da kayan wasan yara, suna ƙarƙashin tsarinta na SONCAP, wanda ke buƙatar mai shigowa ya mallaki takardar shaida kafin kwastan su saki kaya, waɗanda aka ƙera a gida kuma suna ƙarƙashin MANCAP, mai tambarin da ake bugawa a jikin kaya. Hukumar NAFDAC, wadda aka kafa a 1993, ita ke kula da abincin jarirai, kuma ƙa'idojinta na tallar abincin jarirai sun haɗa da fida da kan fida. Ƙaramin ɗan kasuwa ba shi ne mai shigo da kaya ba, amma yana da damar ya ce wa wanda yake sari a wurinsa, “Alhaji, a taimaka mini da kwafin takardar SONCAP ta wannan kayan.” Wani zai kawo, wani zai yi dariya ya ce ba a taɓa tambayarsa ba. Amsar da ya bayar ma wani ma'auni ne, kuma a rubuta ta a littafi.

Sanin abin da manyan kasuwannin duniya suka hana yana da amfani, domin kayan da ba zai shiga can ba wata kasuwar ake nema masa. Kanada ta haramta fidar da ke ɗauke da BPA, sinadarin da ake yin wata roba mai tauri da shi, a 2010, Tarayyar Turai da China suka bi a 2011, Amurka kuma ta cire izinin amfani da shi a fida da kofin yara a 2012. A ƙarshen 2024 Tarayyar Turai ta faɗaɗa haramcin zuwa kayan da ke taɓa abinci gaba ɗaya. Sinadaran fitalet masu sa roba laushi, irin su DEHP, DBP da BBP, Turai da Amurka sun ƙayyade kada su wuce kashi 0.1 cikin ɗari na nauyin robar abin wasa, wato giram 1 a kowane kilo. Dalma kuwa, dokar Amurka ta 2008 ta kai ga ƙayyade kashi 90 cikin miliyan a fenti da kashi 100 cikin miliyan a jikin kayan yara.

A kwali za a iya ganin alamun cika ƙa'idojin Turai, wato haruffan CE, ko EN 71 a kayan wasa, EN 14350 a kayan shan ruwa da madara, EN 1400 a robar tsotso, ko hoton kofi da cokali mai yatsu da ke nuna an yi abin domin abinci. Rashinsu alama ce mara kyau, amma samuwarsu ba hujja ba ce, domin mai buga jabu ba ya shan wahalar buga haruffa biyu. Haka rubutun “BPA free”: yana nufin babu wannan sinadari guda, bai ce komai a kan danginsa irin su BPS da BPF da wasu masana'antu suka koma amfani da su ba, bai kuma ce komai a kan fenti ba.

Mataki na 3: A juya gindin kayan a nemi lamba

Wannan shi ne mataki mafi amfani. A gindin yawancin kayan roba akwai ƙaramar alama mai kusurwa uku da lamba daga 1 zuwa 7 a cikinta, wani lokaci da haruffa a ƙasa. Tsarin ya samo asali ne a Amurka a 1988 domin masu sake sarrafa roba, ba domin lafiya ba, amma yana faɗin irin robar da aka yi abin da ita. A haska tocila ta gefe, ba ta sama ba, domin inuwar rubutun ta fito.

Lamba 5, mai haruffan PP, ita ce aka fi yin fida da kofin yara da ita a yanzu. Ba a yin ta da BPA, ba ta bukatar fitalet, kuma tana jure tafasasshen ruwa. Ana gane ta da ɗan dishi-dishi, ba ta fita tangaran ba, kuma tana lotsawa kaɗan idan aka danna da babban yatsa. Lamba 2 da lamba 4 danginta ne, su ma ana karɓarsu, sai dai sun fi dacewa da abin da ba shi da zafi sosai.

Lamba 1 ita ce ta gorar ruwa da ta lemo. An yi ta ne domin abu mai sanyi, kuma duk wanda ya taɓa zuba ruwan zafi a ciki ya ga yadda take motsewa. Ba ta dace da kunun jariri ba, kuma al'adar huda murfin gorar lemo a mayar da ita fida ya kamata a bar ta.

Lamba 3 ita ce PVC. Asalinta roba ce mai tauri irin ta bututun ruwa, sai an zuba mata mai sa laushi da yawa kafin ta zama 'yar tsana mai lanƙwasuwa ko agwagwar wanka mai ƙara, kuma a nan fitalet ke shigowa. Wasu masana'antun kuma suna sa mata sinadaran dalma ko kadmiyam domin ta jure zafi. Fitalet da BPA duka ana tuhumarsu da rikita aikin sinadaran homon da ke tafiyar da girman jiki da gaɓoɓin haihuwa, shi ya sa aka fi jin tsoronsu ga jariri, wanda jikinsa ke kan ginuwa. Ba a karɓar lamba 3 a kashin farko da na biyu.

Lamba 6 ita ce ta farar robar abincin sayarwa mai kumfa da cokulan da ake yarwa. Tana karyewa da kaifi, kuma ba ta son zafi da mai. A ajiye ta gefe.

Lamba 7 ita ce mai rikitarwa, domin ma'anarta “sauran”. A cikinta akwai PC, wadda da BPA ake yin ta, mai tauri, mai haske tas, mai ƙara idan aka ƙwanƙwasa da farce. A cikinta kuma akwai PPSU da PES, masu launin zuma da tsada, da Tritan, waɗanda ba da BPA ake yin su ba. Ƙa'idata ita ce, idan an rubuta 7 tare da PC, ko an rubuta 7 babu wasu haruffa a jiki ko a kwali, kuma abin mai tauri ne mai haske, to a ɗauke shi a matsayin PC a fitar da shi.

Kan fida ba shi da lamba. Na silikon fari ne mai haske, ba shi da wari, kuma ya fi jure tafasawa. Na ƙaron roba launinsa ruwan ƙasa-ƙasa, yana saurin yin danƙo a zafinmu, kuma wasu yara jikinsu ba ya karɓarsa. Na fi zaɓar silikon.

Mataki na 4: Gwajin ruwa, idan babu lamba ko ana shakkarta

Kayan araha da yawa ba su da lamba, wasu kuma lambar ƙarya ce. Ruwa yana taimakawa, domin lamba 2, 4 da 5 sun fi ruwa rashin nauyi, suna tasowa sama, su kuwa 1, 3, 6 mai tauri da PC nutsewa suke yi. A cika kofin gilashi, a ɗiga sabulu ɗigo guda, a fara da gorar lemo: a yanki guntu daga jikinta da guntu daga murfinta a jefa. Na murfin zai taso, na jikin zai nutse. Idan haka ta faru, gwajin yana aiki. Sannan a yanki guntun samfurin da bai fi girman farce ba, a tura shi ƙasa da tsinke, a kaɗe kumfar iskar da ta maƙale masa, a saki.

Kuskure biyu ake yi a nan. Na farko shi ne jefa abin gaba ɗayansa, alhali duk abin da ke da rami a ciki zai yi iyo ko da mece ce aka yi shi. Na biyu shi ne ɗaukar duk abin da ya nutse a matsayin guba. Silikon yana nutsewa, PPSU da Tritan ma haka, kuma PP da aka cika wa garin alli domin rage kuɗi tana iya nutsewa. Fassarar da ta dace ita ce: fidar da aka rubuta wa 5 amma guntunta ya nutse, akwai ƙarya ko gauraye a cikinta, sai a mayar. Wadda ba ta da lamba kuma guntunta ya taso, kusan tabbas PP ce ko danginta.

Mataki na 5: Hanci, tafin hannu da farin ƙyalle

A buɗe ledar samfurin a shinshina nan take. Wari mai hawa kai irin na fetur, na taya ko na sabon fenti ya isa dalilin fitar da kaya. Wanda aka bulbula wa ƙamshin alawa shi ma abin shakka ne, domin ƙamshin yana rufe wani warin, yana kuma jan yaro ya tauna. Daga nan a riƙe abin a tafin hannu na ɗan lokaci a murza. Agwagwar wanka ta PVC da ta sha zafin bazara a cikin katan takan fito da wani maiƙo a jiki, ƙura na manne mata, idan aka ɗaga ta sai a ga ta bar tabo a kwalin da ta kwanta a kai. Wannan maiƙon shi ne mai sa laushin da ke tsatsowa, kuma wanki ba ya maganinsa, domin wani zai sake fitowa.

Sai a jiƙa farin ƙyalle da ruwa a goge wurin da ke da fenti da ƙarfi kamar sau ashirin, a sake da sifirit a wani wurin, a kuma kankara da farce. Idan launi ya hau ƙyallen da ruwa kawai, ko fenti ya ɓare, yawun yaro zai yi abin da ya fi haka. A kula da rubutun ma'auni da hotunan jikin fida da kofi, musamman na kusa da baki.

Mu a Zamfara ba ma bukatar a yi mana dogon bayani a kan dalma. A 2010 aka gano gubarta a ƙauyukan Anka da Bukkuyum, irin su Dareta, 'Yargalma da Bagega, sakamakon niƙa duwatsun zinariya a cikin gidaje, kuma yara fiye da 400 suka rasu. Abin da ke cikin fentin abin wasa bai kusanci wancan ba, kuma ba ya kashewa nan take, amma Hukumar Lafiya ta Duniya ta bayyana cewa babu wani mizanin dalma a jini da aka san ba ya cutarwa, kuma ɓarnarta a ƙwaƙwalwar yaro ba ta gyaruwa. Yaron da ya riga ya kwashi wani abu daga ƙurar gida ko daga kwallin dutse da ake sa masa a ido, kowane ƙari nauyi ne a kansa. Kada kuma a ce babban suna kariya ne: a 2007 kamfanin Mattel ya janye kayan wasa masu ɗimbin yawa daga kasuwannin duniya saboda dalma a fenti. Gwajin ƙyalle yana nuna fentin da ke fita ne kawai, tabbatar da dalma sai da na'urar XRF, irin wadda aka auna ƙasa da ita lokacin aikin tsabtace waɗancan ƙauyuka, ko a ɗakin gwaji.

Mataki na 6: Gwajin wayar jan ƙarfe domin gano PVC

Wannan na masu shago ne, kuma ana yin sa a kan roba mai laushi da ba ta da lamba. A yi shi a waje inda iska ke wucewa, da yamma ko a inuwa domin launin wuta ya fito, babu yaro ko mai juna biyu a kusa. A feƙe bawon wayar gaba ɗaya, domin shi kansa bawon PVC ne, idan aka bar ko ɗan kaɗan zai ɓata sakamako. A riƙe wayar da filaya a sa bakinta a shuɗiyar wuta har ya yi ja kuma wutar ta daina canza launi. A taɓa shi a guntun samfurin na daƙiƙa guda har ɗan narkakken abu ya manne, a mayar gefen wutar. Idan koren harshe ya tashi, akwai kulorin ko buromin a ciki, kuma a roba mai laushi wannan kusan kullum PVC ce. Idan wutar ta yi rawaya kawai ta koma yadda take, babu.

A fara da bawon waya domin a ga yadda koren yake, a ƙona wayar har ta tsarkaka, sannan a gwada murfin gora, wanda bai kamata ya ba da kore ba. Kyandir da itace ba su yi, domin rawayar wutarsu tana ɓoye launin. Kada a cinna wa robar kanta wuta, kada kuma a kai hanci, hayaƙin PVC yana da illa. Wanda ba shi da gas ko risho ya bar wannan mataki, ya bi hanya mafi sauƙi: duk roba mai laushi da ba ta da lamba, ba a kuma rubuta silikon a kwalinta ba, ba ta shiga bakin yaro.

Mataki na 7: Baƙar roba, gwanjo da kwanukan melamin

Waɗannan uku ba na ɓata lokacin gwada su. Baƙar roba mai araha sau da yawa daga narkakkun tsoffin talabijin da kwamfuta take, waɗanda aka zuba wa sinadaran buromin masu hana kama wuta, kuma wasu daga cikin sinadaran suna jerin da Yarjejeniyar Stockholm ta ƙasashen duniya kan sinadarai masu guba ta haramta, wadda Najeriya na cikin ƙasashen da suka amince da ita.

Kayan wasa na gwanjo da ake buɗewa daga dila suna da kyau da ƙarko, kuma na san iyaye suna son su, amma babu mai sanin shekarar da aka ƙera su, wasu sun girmi dokokin da aka ambata a sama. Wani bincike na Jami'ar Plymouth ta Ingila a 2018, a kan tsoffin kayan wasa 200, ya sami dalma, kadmiyam da buromin a wasunsu, musamman masu launin rawaya, ja da baƙi. Tsohuwar fida mai tauri da haske daga gwanjo ita ce mafi muni, domin yawancin na wancan zamanin PC ne.

Kwanukan melamin, masu nauyi da zanen furanni ko dabbobi, waɗanda ba su fashewa da wuri, ba su da laifi ga abinci mai sanyi ko ɗumi, amma idan zafi ya haura digiri 70 suna sakin melamin da fomaldehaid. Ba a juye musu kunu daga kan wuta, ba a sa su a na'urar ɗumama abinci, kuma idan sheƙinsu ya dushe an gama da su.

Mataki na 8: Ajiya da amfani

Kaya mai kyau ma yana lalacewa a hannun wanda bai kula ba. Daga Maris zuwa Mayu zafinmu yana haura digiri 40, cikin kwantena ko shagon kwano kuma ya fi haka. Kada a rataye fida da kayan cizo a rana domin talla, a rataye kwali ko samfuri guda, sauran su zauna a ƙasa-ƙasa cikin inuwa, nesa da fetur, turare da maganin sauro.

Ga iyaye mata, shawara ta farko ita ce ta ma'aikatan lafiya: nonon uwa zalla har wata 6, bayan haka kuma ƙaramin kofi da cokali sun fi fida, domin sun fi sauƙin wankewa. Kofin silba ko na gilashi ya raba mutum da duk wannan bincike. Idan dole sai an yi amfani da fida, kada tsoron sinadari ya sa a daina tafasa ta, domin gudawar da fida mai datti ke kawowa ta fi gaggawar kisa. Abin da za a gyara shi ne tsari. Wani bincike da aka yi a Dublin a 2020 ya nuna fidar PP tana sakin ɓurɓushin roba har miliyan 16 a lita guda idan aka girgiza ruwan zafi a cikinta, kuma masu binciken suka ba da hanyar ragewa. A tafasa fidar, a bar ta ta huce, a ɗauraye ta da tafasasshen ruwan da ya huce. A dama madarar a kofin silba ko gilashi da ruwan da zafinsa bai gaza digiri 70 ba, kamar yadda Hukumar Lafiya ta Duniya ta tsara domin kashe ƙwayoyin cuta, a bar ta ta sauko zuwa ɗumin da yaro zai sha, sannan a juye a fida. Koko da kunu ma haka, kuma kada a karɓo wa jariri kokon da aka ƙulla da zafinsa a leda, a tafi da kofi. A wanke da soso mai laushi, ba da soson ƙarfe ko toka ba. Fidar da ta karce, ta yi hazo ko ta tsage a yar da ita, kan fida kuma a ja shi da yatsa kafin kowane amfani, idan ya yi danƙo ko ya tsage a canza.

Mataki na 9: Kayan da suka faɗi, da kai ƙara

Jarabawar ɗan kasuwa a nan take, domin kuɗinsa ne a kwance. Karya farashi a sayar wa mai tallar ƙauye ba mafita ba ce, an dai tura cutar ne ga yaran da iyayensu suka fi ƙarancin zaɓi. A mayar wa wanda aka saro a wurinsa, shi ya sa yake da kyau a yi sharaɗin mayarwa tun kafin biya, a kuma fara da sarin dozin guda maimakon katan. Idan ya ƙi karɓa, a yayyanka kayan yadda ba wanda zai tsinta ya ba yaro. Kada a ƙona su a tsakar gida ko a hura murhu da su.

Kafin a lalata, a ware guda biyu a cikin ledarsu ta asali, a ɗauki hoton kwali ta kowane gefe, da lambar gindi, da rasit. A rubuta gajeriyar takarda mai ɗauke da sunan kayan, inda aka saya, ranar saye, da abin da aka gani, ba tare da cewa “akwai dalma” ko “akwai BPA” ba, tunda ba a auna ba. A rubuta abin da ido ya gani: fenti ya fita da ruwa, babu adireshin kamfani, an rubuta 5 amma ya nutse. Abin da ya shafi fida da abincin jarirai a kai ofishin NAFDAC na jiha, kayan wasa da sauran kayan roba a kai ofishin SON mafi kusa, batun yaudarar mai saye kuma hukumar FCCPC mai kare haƙƙin masu saye tana karɓar ƙorafi ta intanet. A nemi a buga hatimin karɓa a kan kwafin takardar a riƙe. Ƙorafin mutum guda yakan daɗe a kan tebur, don haka ya fi tasiri idan ƙungiyar 'yan kasuwar layin ta sa hannu tare, kuma ita ce za ta iya haɗa kuɗin kai samfurin kayan da aka fi saye ɗakin gwaji, ta raba sakamakon ga duk masu shagunan da ke sari daga wuri ɗaya.